Wata Goma Ina Jiran Ambulan Mai Ruwan Ƙasa

Wata safiya ce a watan Oktoban 2024, na dawo daga raka ƙaramar 'yata bakin ƙofa, na tarar da ambulan ɗin a kan tabarmar shiga gida. Duk wanda ke zaune a Ingila yana karɓar wani tallafi na gwamnati ya san wannan ambulan mai ruwan ƙasa, kuma ya san yadda gaba ke faɗuwa idan aka gan shi. Ban buɗe ba. Na ɗora shi a kan firij, na yi kwana uku ina ratsa shi da ido. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Manchesta shekaru sama da goma da suka wuce, kuma da sikila aka haife ni. Tun ina da shekara talatin kan ƙashin cinyata na hagu ya fara mutuwa saboda jini ba ya isa wurin yadda ya kamata, abin da yake samun masu sikila da yawa. Da sanda nake tafiya. Saboda haka ne aka ba ni tallafin da ake kira PIP, wanda Ma'aikatar Ayyuka da Fansho ta Birtaniya, wato DWP, take biya ga masu larura ko doguwar rashin lafiya tun daga 2013. Ba a duba albashinka ko ajiyarka kafin a ba ka, ba a cire masa haraji, kuma kana iya yin aiki kana karɓa. Sai dai mai biza da aka rubuta masa cewa ba shi da ikon cin kuɗin gwamnati ba ya cikin masu nema, na faɗi wannan da wuri saboda 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikatan jinya da suka zo kwanan nan, kada wani ya jefa takardunsa cikin matsala.

Tallafin kashi biyu ne, na harkokin yau da kullum da na zirga-zirga, kowanne da ƙaramin mataki da babba. Ni ƙaramin mataki nake samu a duka biyun, a lokacin fam 72.65 da fam 28.70 a mako, ana haɗawa a biya duk sati huɗu. Kuɗin nan su ne tasi zuwa asibiti ranar da ba zan iya hawa bas ba, su ne ƙarin kuɗin ɗumama gida, domin sanyi yana tayar mini da ciwo kuma ba zan iya kashe na'urar ɗumi yadda maƙwabtana suke yi ba. Akasarin mutane ba a ba su tallafin har abada, ana sa masa wa'adi, kafin wa'adin ya cika a sake duba ka. Na san da haka tun ranar farko. Sanin bai hana hannuna rawa ba ranar da Baban yara ya sauko da ambulan ɗin ya ce, "Maman yara, ajiye shi ba zai canja abin da ke ciki ba. Zo mu buɗe tare."

Fom ne a ciki, ana kiransa AR1, da wasiƙa mai cewa in cike in mayar cikin wata ɗaya. Kuskurena na farko ke nan, na riga na cinye kwana uku daga cikin kwanakin, ban da waɗanda wasiƙar ta yi a hanya. Washegari na kira lambar da ke saman wasiƙar, kiran kyauta ne, na jima a layi kafin a ɗauka, na ce ina neman ƙarin lokaci domin sai na sami mai taimaka mini. Aka ƙara mini ba tare da wata doguwar tambaya ba. Da na san abin mai sauƙi ne haka da ban kwana biyu ina lissafin kwanaki ba. Na rubuta ranar da na kira da sabon wa'adin a bayan ambulan ɗin, daga nan ne kuma na fara ɗabi'ar rubuta duk wani kira da na yi.

A daren farko na zauna na cike fom ɗin da fensir ni kaɗai. Yana bin ayyuka ɗaya bayan ɗaya, guda goma na cikin gida, irin su girki, cin abinci, shan magani, wanka, shiga banɗaki, sa tufafi, magana, karatu, hulɗa da mutane da sarrafa kuɗi, sai biyu na fita waje, yana tambayar ko wani abu ya canja tun wancan karon. A kusan kowane gurbi na rubuta kalmomi biyu ko uku, babu canji, ina lallaɓawa. Cikin rabin awa na gama, har na ji daɗi. Allah ya sa na riga na nemi ganin mai ba da shawara a Citizens Advice, wata ƙungiya da ke taimakon jama'a kyauta a irin waɗannan al'amura. Matar da ta karɓe ni ta karanta abin da na rubuta, ta ɗago ta tambaye ni yadda na yi wanka da safen nan. Na ce lafiya lau. Ta ce in ba ta labari tun daga ƙofar banɗaki. Sai na ji kaina ina cewa akwai kujerar roba da nake zama a kai, akwai ƙarfe a bango da nake riƙewa, ƙafata ta hagu ba na iya sunkuyawa in wanke ta sai da soso mai doguwar mariƙa, ranar da ciwo ya motsa kuwa maigidana ne yake tsallakar da ni bakin bahon. Ta ce, to wannan duk ina yake a takardar?

A nan ne na gane inda gizo ke saƙa. Mu Hausawa an raine mu a kan cewa idan aka ce ya jiki, amsa ɗaya ce, da sauƙi, alhamdulillahi. Na ga Ummata tana faɗin haka a gadon asibiti a Shika ana ƙara mini jini tana kuka. Tarbiyya ce mai kyau, ba na kushe ta, kuma har gobe haka nake amsa gaisuwa. Amma wanda zai yanke hukunci a kan takardarki bai taɓa ganinki ba, bai san mene ne kawaici ba, abin da kika rubuta shi zai ɗauka. Ga kuma kunya. Mace ta rubuta da hannunta cewa mijinta ne ke taimaka mata tashi daga kan masai a wasu ranaku, ta san baƙo zai karanta, wallahi na fi jin zafin wannan a kan allurar da ake yi mini. Na yi kuka a ofishin matar nan. Har na ji kamar ina butulce wa Ubangiji, ina jera ƙorafi bayan duk ni'imar da ya yi mini. Sai da na kira wata malamarmu ta Islamiyya da ke nan garin, ta ce mini, "'Yata, idan likita ya tambaye ki inda ke ciwo kika nuna masa, kin yi rashin godiya ne? Gaskiya aka tambaye ki, ki faɗe ta, kada ki ƙara kada ki rage." Maganar nan ta warware mini ƙulli.

Mai ba da shawarar ta koya mini ƙa'idojin da ban taɓa sani ba duk da na shekara uku ina karɓar tallafin. Ba a kan sunan ciwonki ake ba da maki ba, a kan abin da ciwon ya hana ki yi ne. Ana buƙatar maki 8 don ƙaramin mataki, 12 don babba, a kowane kashi. Sannan doka ba ta ɗaukar cewa kina iya yin aiki sai in kina iya yin sa ba tare da haɗari ba, ki yi shi yadda ya kamata, ki iya maimaita shi duk sanda ake buƙata, kuma kada ya ɗauke ki fiye da ninki biyu na lokacin da mai lafiya zai ɗauka. Ga masu ciwo irin nawa mai tashi yana kwanciya, abin da ake dubawa shi ne yadda kike a fiye da rabin kwanakin shekara. Don haka ba daidai ba ne ki ba da labarin ranar da kika fi jin daɗi, haka kuma ba daidai ba ne ki ba da labarin ranar da aka kwashe ki zuwa asibiti kamar kullum haka kike. Ta sa ni na yi sati biyu ina rubuta yadda kowace rana ta kasance a ɗan littafi, ƙarfe nawa na iya tashi, wa ya yi girki, taku nawa na yi kafin in tsaya. Na auna daga ƙofarmu zuwa inda muke ajiye mota, domin a ɓangaren tafiya mita 20 da mita 50 suna cikin iyakokin da maki ke canjawa. Da wannan littafin muka sake cike fom ɗin, gurbin bai isa ba muka ƙara takardu, a saman kowace na rubuta sunana da lambar inshorata ta ƙasa.

Game da shaidu, na kusa biyan kuɗi a rubuta mini sabuwar wasiƙa daga wurin likitan unguwa, domin irin wannan wasiƙar sau da yawa ba kyauta ba ce. Aka ce mini ba a buƙatar haka, in tura kwafin abin da nake da shi. Na tattara wasiƙun likitan jini, sakamakon hoton ƙugu, jerin magunguna, da takardun sallama daga asibiti. Baban yara ya rubuta shafi ɗaya na abin da yake yi mini. Abin da na kashe duka bai wuce kuɗin kwafi a ɗakin karatu na unguwa da tasi ba. Na ɗauki hoton kowane shafi a waya, na kai gidan waya a cikin ambulan ɗin da suka haɗo mini wanda ba ya buƙatar kan sarki, na karɓi takardar shaidar aikawa, ita ma kyauta ce. Bayan kwanaki saƙo ya shigo wayata cewa fom ya isa.

Daga nan sai shiru. Na ɗauka cike fom ne wahalar, ashe jira ne. Nuwamba ta wuce, Disamba ta wuce. Mai raba wasiƙu yana zuwa layinmu wajen ƙarfe sha ɗaya, tun ƙarfe goma nake fara jin ƙirjina yana matsewa, in na ji ƙarar murfin ramin wasiƙa sai cikina ya juya. Barci ya ƙaurace mini. Ƙarfe uku na dare zan farka in shiga saƙe-saƙe, in an yanke kuɗin me za mu rage, in an ce ƙarya na yi fa, in wani ya gan ni a bikin suna ina dariya ya ɗauka lafiyata ƙalau fa. Na daina zuwa taron mata na wata-wata saboda wannan tunanin. Duk ranar biya sai na buɗe asusun banki tun kafin asuba. Babban abin da ya fi cin raina shi ne ranar ƙarewar wa'adina tana matsowa, ni kuma na ɗauka ranar na cika kuɗi zai tsaya. Rashin sani ya fi dare duhu. Gaskiyar ita ce muddin kin mayar da fom ana ci gaba da biyanki har a yanke hukunci, in wa'adin ya zo ba a gama ba a tsawaita shi. Wasiƙar tsawaitawar ta zo mini daga baya, kuma da ita na sabunta katin ajiye mota na masu larura, shuɗin katin nan da ƙaramar hukuma ke bayarwa, wanda shi ma wa'adinsa ke bin na tallafin.

A watan Janairu ciwo ya tashi. Masu sikila sun san sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da damuwa duk suna iya tayar da shi, ni kuwa na haɗa ukun. Na yi kwana shida a kwance. A ranar sallama wata nas ta tambaye ni ko ina barci, na ce da sauƙi, sai na ji abin da na faɗa na tsaya, na ce a'a, wata uku ke nan ba na yi. Ita ta gaya mini cewa a Ingila mutum na iya neman ganin masu ba da shawara kan damuwa na hukumar lafiya ta NHS da kansa, ba sai likita ya tura shi ba, kuma kyauta ne. Na cike a intanet a daren. Na yi makonni kafin a fara, ta waya muke yi sau ɗaya a mako. Da farko na ji nauyi, a gidanmu ba a kai damuwa wurin baƙo. Amma abubuwan da matar da aka haɗa ni da ita ta koya mini masu sauƙi ne kuma sun yi aiki. Ta ce in ware wa fargabar lokacinta, minti goma sha biyar bayan la'asar, in zauna da littafi in rubuta duk abin da ke tsorata ni, in raba shi biyu, wanda zan iya yin wani abu a kai yau da wanda ba ya hannuna. Idan tunanin ya zo da dare in ce masa sai gobe bayan la'asar. Ta koya mini jan numfashi a hankali da sakinsa a tsawon da ya fi na ja. Ni kuma na haɗa shi da azkar, ina sakin numfashi ina cewa hasbunallahu wa ni'imal wakil, har bugun zuciya ya lafa.

Wasu abubuwan mu muka tsara a gida. Wasiƙu suka koma hannun Baban yara, in ya dawo aiki mu buɗe tare bayan magariba, na daina tsaron ƙofa. Muka zauna da biro da takarda muka lissafa yadda gidan zai tafi in kuɗin ya tsaya gaba ɗaya. Lissafin bai yi daɗi ba, amma ganin sa a rubuce ya fi dodon da nake gani cikin duhu ƙanƙanta. Kiran ofishin kuma na mayar da shi sau ɗaya a wata, domin na lura duk kiran da na yi aka ce har yanzu ana layi, sai in yini a birkice. Na kuma gaya wa Umma gaskiya, bayan wata huɗu ina ɓoye mata. Ba ta fahimci tsarin ba, amma ta ce, "Ke dai kin yi naki, ki bar wa Allah nasa," ta riƙa kira na duk Juma'a.

Ana cikin azumi, ranar 18 ga Maris 2025, gwamnati ta bayyana shirin sauya dokar tallafin, cewa nan gaba sai mutum ya sami maki 4 a aiki guda kafin a ba shi kason harkokin yau da kullum. Ni makina bibbiyu ne a warwatse. Duk ginin da na yi ya nemi rushewa. Wayata ta cika da bidiyo da saƙonnin murya, kowa da fassararsa, wasu na cewa an riga an fara yanke wa mutane. Na koma wurin mai ba da shawarar nan ta Citizens Advice, ta nuna mini cewa shawara ce tukuna, ba ta zama doka ba, kuma ko ta zama ba a sa ran ta fara aiki sai Nuwamban 2026, takardata kuwa da dokar da ke ƙasa za a duba ta. A farkon Yuli, bayan 'yan majalisa da yawa na jam'iyya mai mulki sun ƙi amincewa, aka cire wannan sashe daga ƙudurin dokar da aka kai majalisa, aka ce sai an gama wani bita da minista Stephen Timms zai jagoranta. Wata uku da rabi mutane suka yi cikin zullumi a kan abin da aka janye. Ni dai tun a watan Afrilu na fita daga zaurukan WhatsApp guda biyu, na kuma daina kallon labarai bayan isha'i.

A watan Yuni aka aiko cewa za a tantance ni ta waya. Ba kowa ake kira ba, wasu da takardunsu kaɗai ake yanke hukunci, wasu ta bidiyo, wasu ido da ido. Wani kamfani ne ke yi a madadin gwamnati, mai tambayar kuma ma'aikacin lafiya ne, nas ko mai gashin ƙashi ko makamancinsu, shi rahoto kawai yake rubutawa, ba shi ke yanke hukunci ba. Kina da ikon sa wani ya zauna tare da ke, da neman tafinta, da neman a naɗi hirar, amma ki nema tun kafin ranar. Na nemi a naɗa. Baban yara ya ɗauki hutun rabin yini, na baje kwafin fom ɗina da littafina a gabana, da ruwa a kusa. An kira bayan lokacin da aka sa da kusan minti ashirin, waɗannan mintunan sun fi mini wata guda tsawo. Tambayar farko ita ce yaya nake yau, bakina ya buɗe zai ce lafiya lau, maigidana ya taɓa hannuna. Na ce ƙuguna yana ciwo tun asuba, na sha magani ƙarfe bakwai. Mun fi awa ɗaya. Tambayoyin kamar hira suke, wa ke yin cefane, yaya kike zuwa asibiti, kina da dabba a gida, amma kowace tana auna wani abu. Duk inda na ce ina iyawa sai in ƙara da yadda nake yi da abin da ke biyo baya. In ban gane tambaya ba in ce a maimaita. Da aka ajiye waya na kwanta har la'asar.

Bayan kwana biyu na kira na nemi a turo mini kwafin rahoton, abin da mutane da yawa ba su san suna da ikon yi ba. Ya iso cikin sati biyu. A ƙarshensa akwai makin da mai tantancewar ta ba da shawara, kuma ganin su ya rage mini rabin nauyi tun kafin hukunci. Na sami kuskure ɗaya, an rubuta cewa ni nake kai yara makaranta a ƙafa, alhali cewa na yi ina raka su bakin ƙofa. Na rubuta gajeriyar wasiƙa cikin ladabi na gyara, na tura. Na kuma riga na san matakin gaba in abin bai yi daɗi ba: wata ɗaya ne mutum ke da shi daga ranar da ke kan wasiƙar hukunci ya nemi a sake dubawa, in bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa kotu mai zaman kanta, ba a biyan ko kwabo. Sanin cewa akwai ƙofa a gaba shi ma magani ne.

In da za a mayar da ni Oktoba, da ranar da ambulan ya zo zan buɗe shi, in nemi ƙarin lokaci a ranar, in nemi mai taimako kafin in sa alƙalami a takarda. Da ba zan jira sai na kwanta a asibiti kafin in faɗa wa wani cewa ba na barci ba, domin damuwar ita ma ciwo ce mai neman magani, kuma wanda ya ji abin ya kai shi maƙura a ƙasar nan akwai lambar Samaritans, wata ƙungiya mai sauraren masu damuwa, 116 123, dare da rana kyauta. Da kuma ba zan yanke zumunci ba. Matan da na guje wa saboda tsoron a ga ina dariya, da na koma na tarar biyu daga cikinsu suna cikin irin jiran da nake, kowace ta rufe bakinta.

Wasiƙar ta zo a watan Agusta. Bayan magariba muka buɗe, shi ya karanta ni ina kallon fuskarsa. An bar mini kashi biyun a matakin da suke, wanda daga Afrilun 2025 ya zama fam 73.90 da fam 29.20 a mako, an kuma sa sabon wa'adi. Na yi sujada, na kira Zariya. Washegari na sa wasiƙar a jaka ɗaya da kwafin fom da rahoton, na rubuta shekarar dubawa ta gaba a bangon littafina. Littafin yana nan a gefen gado, duk ranar da ciwo ya hana ni girki ko wanka ina rubuta layi ɗaya. Makon jiya na ɗauke shi na tafi gidan ɗaya daga cikin matan nan biyu, fom ɗinta ya zo, muka zauna a falonta na ce ta ba ni labarin wankanta na safe tun daga ƙofar banɗaki.